Amsoshin Tambayoyinku: Me Yawan Maƙalu da Yawan Ambato Ke Faɗa Game da Mai Binciken Likitanci?

Wasiƙu biyar muka zaɓo a wannan fitowa, dukkansu kuwa a kan batu guda suke, wato alƙaluman da ake jerawa a gaban sunan mai binciken likitanci idan ana son nuna girmansa. Mun taƙaita wasu saboda ƙarancin fili, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni likita ce da ta fara neman ƙwarewa a fannin cututtukan yara. Kwanan baya aka gabatar mana da wani baƙon farfesa a wajen taro, mai gabatarwa ya ce ya wallafa maƙalu 300, an ambaci ayyukansa sau 12,000, kuma ma'aunin h nasa ya kai 50. Zauren ya ɗauki tafi, ni ma na tafa, amma gaskiya ban san abin da na tafa wa ba. Don Allah a yi mini bayani.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Likita. Ba ke kaɗai ce kika tafa a duhu ba, domin sau da yawa mai gabatarwar kansa rattabo alƙaluman yake yi kamar kirari, ba tare da ya tsaya ya san abin da ke cikinsu ba.

Mu fara da ambato. Kowace maƙalar kimiyya tana ƙarewa ne da jerin manazarta, wato ayyukan da marubutan suka dogara da su, ko suka gwada sakamakonsu da su, ko suka yi musu raddi. Duk lokacin da maƙalarki ta fito a irin wannan jeri na wata maƙala, an ambace ki sau ɗaya ke nan. Wanda ya fara tattara wannan ƙidaya a tsare shi ne Eugene Garfield, Ba'amurke, wanda ya gabatar da shawarar a mujallar Science a 1955, sannan cibiyarsa da ke Filadelfiya ta fitar da kundin Science Citation Index a 1964. Babbar manufarsa ita ce sauƙaƙa wa mai bincike neman bayanai: idan kika sami tsohuwar maƙala mai amfani, kundin zai nuna miki waɗanda suka zo bayanta suka yi aiki da ita, har ki gane ko an tabbatar da ita ko an rushe ta. Daga baya ne jami'o'i da masu ba da tallafin bincike suka ga ƙidayar tana da sauƙin karantawa, suka mayar da ita abin auna mutane.

Ma'aunin h kuwa ya zo ne a 2005 daga Jorge Hirsch, masanin fiziks a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, kuma lissafinsa ba shi da wuya. Ana jera maƙalun mutum daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa, sai a sauko ana ƙirgawa har a kai inda lambar layi ta zarce yawan ambaton da ke kan layin. A ce wani yana da maƙalu shida da aka ambata sau 40, 22, 9, 4, 3 da 1. Ta huɗu tana da ambato 4, saboda haka ta shiga. Ta biyar tana da 3 kacal, ba ta kai biyar ba, nan aka tsaya. Ma'aunin h na wannan mutum 4 ne. Baƙonku mai 50 yana da maƙalu hamsin ke nan da aka ambaci kowacce aƙalla sau hamsin, sauran kuma ba su wuce wannan adadi ba.

Hikimar lissafin ita ce, ba ya ruɗuwa da maƙala ɗaya da ta yi farin jini, ba ya kuma ruɗuwa da tarin maƙalun da babu wanda ya waiwaye su. A misalin da na kawo, ko da ta farko ta tashi daga 40 zuwa 4,000, ma'aunin yana nan a 4. Amma nan ne kuma rauninsa yake, domin mutumin da ya gano abu ɗaya babba wanda ya sauya yadda ake jinyar wata cuta zai iya zama ƙasa da wanda ya shekara talatin yana fitar da ayyuka matsakaita. Ƙari a kan haka, ma'aunin ba ya taɓa sauka: ko mutum ya yi ritaya, ko ya rasu, sai dai ya tsaya ko ya ƙaru. Don haka zalunci ne a gwada na matashi da na dattijo. Haka nan bai dace a gwada na masanin cutar kansa ko ciwon zuciya, inda masu bincike suke da yawan gaske, da na wanda ya sadaukar da rayuwarsa ga wata cuta da 'yan tsirarun masana ke nazari a duniya ba, tunda wanda zai ambace ki sai ya kasance yana rubutu a fanninki.

Sai kuma tambayar da ta fi muhimmanci a wurina: wace irin maƙala ce ake yawan ambata? A 2014 mujallar Nature ta fitar da jerin maƙalu 100 da aka fi ambata a tarihi. Wadda ta zo ta ɗaya ita ce ta Oliver Lowry da abokan aikinsa ta 1951, mai bayanin hanyar auna yawan furotin a ɗakin gwaje-gwaje, kuma a lokacin ta haura ambato 300,000. Maƙalar Watson da Crick ta 1953, wadda ta bayyana siffar ƙwayar halitta ta DNA, ba ta ma shiga ɗarin ba. Dalili shi ne duk wanda ya yi amfani da wata hanyar gwaji dole ya ambaci mai ita, alhali babban ilimin da ya zama sanin kowa, ya shiga littattafan ɗalibai, an daina ambaton asalinsa. Wannan ya sa maƙalun hanyoyin gwaji, da masu tattara binciken wasu su yi sharhi, da jagororin jinya na manyan ƙungiyoyi suke kwashe kaso mai tsoka na ambato.

Ƙidayar kuma ba ta bambanta yabo da suka. Maƙalar Andrew Wakefield da ta fito a mujallar The Lancet a 1998, wadda ta dogara da yara 12 ta jefa shakku cewa allurar rigakafin ƙyanda da hangum da rubela na da alaƙa da larurar otizim, an janye ta a watan Fabrairun 2010, aka kuma soke sunansa daga rajistar likitocin Birtaniya a wannan shekarar. Duk da haka an ambace ta fiye da sau dubu, akasarin masu ambaton kuwa ƙaryata ta suke yi, amma na'urar da ke ƙirgawa ba ruwanta da wannan.

Abin da alƙaluman baƙonku suka nuna shi ne ya daɗe yana rubutu, kuma takwarorinsa suna lura da abin da yake fitarwa, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Abin da ba su faɗa miki ba shi ne me ya gano, da kuma ko shi ne ya jagoranci ayyukan ko sunansa ne kawai a tsakiyar jeri. Idan kika sake haɗuwa da irinsa, nemi maƙalunsa uku da aka fi ambata ki karanta. Gani ya kori ji.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na duba sunana a Google Scholar na ga ambato 410, na duba a Scopus na ga 230, a Web of Science kuma bai kai 200 ba. Wanne ne na gaskiya, kuma wanne zan rubuta a takardar bayanin aikina?

Amsa: Barka kadai, ɗan'uwa. Dukkansu gaskiya ne, sai dai kowanne da inda yake leƙawa. Web of Science, wanda ya gaji kundin Garfield kuma yake hannun kamfanin Clarivate a yanzu, da Scopus, wanda kamfanin Elsevier ya buɗe a 2004, suna ƙirga ambato ne kawai daga mujallun da suka tantance suka shigar cikin rumbunsu. Google Scholar, wanda shi ma ya fara aiki a 2004, manhaja ce ke yawo a intanet tana kwaso duk abin da ya yi kama da rubutun ilimi: kundayen digiri, da takardun taro, da babukan littattafai, da maƙalun da ba a riga an tantance ba. Shi ya sa kusan kullum adadinsa ya fi yawa.

Faɗin nan nasa yana da amfani da illa. Amfaninsa shi ne yana ganin mujallun Afirka da Kudancin Amurka da Asiya, irin waɗanda ake samu a dandalin African Journals Online ko SciELO, waɗanda da yawansu ba sa cikin sauran rumbunan biyu, tare da rubuce-rubucen da ba da Turanci aka yi su ba. Illarsa kuwa ita ce sauƙin yaudararsa. A 2010 wani masanin kwamfuta Bafaranshe, Cyril Labbé, ya ƙirƙiri marubucin da babu shi a duniya, ya raɗa masa suna Ike Antkare, ya sa manhaja ta rubuta masa maƙalun banza sama da ɗari masu ambaton junansu, sai ga Google Scholar ya ba shi ma'aunin h na 94, ya ɗora shi sama da manyan masana na haƙiƙa.

A takardarka, rubuta wanda hukumar da kake nema ta buƙata, ka faɗi sunan rumbun da ranar da ka duba, kada kuma ka haɗa adadin wannan da ma'aunin h na wancan. Ina kuma ba ka shawara ka bi jerin maƙalun da aka jingina maka ɗaya bayan ɗaya, domin rumbunan nan suna yawan rikita masu suna iri ɗaya, su kuma raba mutum guda gida biyu idan an rubuta sunansa ta hanyoyi daban-daban. Maganin wannan shi ne ORCID, wato lambar shaidar mai bincike mai alƙaluma 16, wadda aka fara bayarwa a 2012 kuma kyauta ce. Ka yi rajista sau ɗaya, ka riƙa sa ta a duk abin da ka wallafa, ka kuma tsaya a kan salon rubuta suna guda.

Tambaya: Ina cikin kwamitin da ke duba takardun masu neman ƙarin girma a wata kwalejin likitanci. Mutum biyu ne a gabanmu. Na farko yana da maƙalu da yawa, wasu a mujallu masu babban ma'aunin tasiri, amma galibi sunansa a tsakiya yake. Ta biyu maƙalunta ba su kai rabin nasa ba, mujallun kuma matsakaita ne, amma ita ce ta farko ko ta ƙarshe a yawancinsu. Wasu 'yan kwamiti sun ce a tara ma'aunin tasirin mujallun kowa, wanda ya fi yawa shi ya ci. Ni dai hankalina bai kwanta ba. Mene ne ra'ayinka?

Amsa: Ranka ya daɗe, rashin kwanciyar hankalinka yana kan hanya, kuma ga hujjojin da za ka iya kai wa 'yan kwamiti.

Ma'aunin tasiri na mujalla ne, ba na maƙala ba, balle na mutum. Ga yadda ake fitar da shi: don samun na 2023, ana ƙirga ambaton da aka yi a 2023 ga abin da mujallar ta buga a 2021 da 2022, sai a raba da yawan maƙalun da ta buga a waɗannan shekaru biyu. Garfield da abokin aikinsa Irving Sher ne suka tsara shi don zaɓar mujallun da za a shigar cikin kundinsu, aka fara fitar da shi duk shekara daga 1975, ɗakunan karatu kuma suka riƙa amfani da shi wajen yanke shawarar mujallar da za su saya. Matsakaicin lissafi ne, kuma 'yan maƙalu kaɗan ne ke ɗaga shi. Per Seglen, wani masani ɗan ƙasar Norway, ya nuna a mujallar BMJ a 1997 cewa kashi 15 cikin ɗari na maƙalun mujalla ne ke kawo rabin ambatonta, rabin maƙalun da aka fi ambata kuwa su ke kawo kashi 90 cikin ɗari. Ma'ana, maƙala za ta iya fitowa a babbar mujalla ta kasance cikin rabin da kusan babu mai waiwayarsu, kuma idan kwamiti ya ba ta makin mujallar, ya ba ta ladan aikin wasu ne.

Alƙaluman ba su ma da tabbas daga shekara zuwa shekara. Ma'aunin The Lancet na 2021 ya haura 200, saboda ambaliyar rubuce-rubuce kan cutar korona, bayan shekara biyu kuma ya sauko ƙasa da 100. Babu mai hankalin da zai ce ingancin mujallar ya ninka sannan ya rabe biyu cikin wannan ɗan lokaci. Irin wannan ne ya sa wasu editoci da masana suka tsara Sanarwar San Francisco kan tantance bincike a taron da suka yi a Disambar 2012, aka fitar da ita a 2013, kuma babban abin da ta nema shi ne a daina amfani da ma'aunin mujalla wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma da ba da tallafi. A 2015 wasu masana ƙididdigar bincike suka biyo da ƙa'idoji goma da aka sani da Sanarwar Leiden, ta farkonsu kuwa ita ce alƙaluma su taimaka wa hukuncin ƙwararru, kada su maye gurbinsa. Jami'ar Utrecht da ke Holan ta sanar a 2021 cewa ta yi watsi da ma'aunin tasiri a harkar ɗaukar ma'aikata da ƙarin girma.

Batun wurin suna a jeri ya fi wannan nauyi. A al'adar rubutun likitanci, na farko shi ne ya ɗauki mafi yawan aikin, na ƙarshe kuma yawanci shi ne babban da ya tsara binciken ya kula da shi. Na tsakiya zai iya zama wanda ya yi lissafin ƙididdiga, wanda aiki ne mai daraja, zai kuma iya zama shugaban sashe da aka sa don girmamawa ko don tsoro. Kwamitin editocin mujallun likitanci na duniya, wanda ya samo asali daga wani zama a Vancouver ta Kanada a 1978, ya gindaya sharuɗɗa huɗu da dole su haɗu kafin a kira mutum marubuci: ya ba da gudummawa ta gaske wajen tsara binciken ko tattara bayanai ko nazarinsu, ya shiga rubutawa ko gyara mai zurfi, ya amince da kwafin ƙarshe, kuma ya yarda ya ɗauki alhakin aikin idan tambaya ta taso. Rumbunan ƙidaya ba su san da wannan ba. Idan maƙala tana da marubuta ɗari biyar, kamar yadda ake gani a manyan rahotannin ƙididdigar cututtukan duniya, kowannensu yana samun cikakken ambatonta tamkar shi kaɗai ya rubuta. A 2018 John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun gano mutum sama da 9,000 da suka taɓa fitar da maƙalu fiye da 72 a shekara guda tsakanin 2000 da 2016, wato maƙala ɗaya duk kwana biyar. Akasarinsu masana fiziks ne da ke cikin manyan ayyukan haɗin gwiwa, amma akwai likitoci a cikin sauran, kuma da wuya a yarda cewa mutum ya cika sharuɗɗan nan huɗu a kowacce.

Ban ce na farkon ba shi da daraja ba; wataƙila gwani ne da kowa ke nema saboda wata fasaha da ya iya, kuma binciken zamani ba ya yiwuwa sai da irinsu. Abin da nake cewa shi ne tara maki ba zai nuna muku haka ba. Tarihi ma ya isa gargaɗi. Jami'ar Pennsylvania ta rage wa Katalin Karikó matsayi a 1995 saboda ta kasa samun tallafin bincike, maƙalar da ta fitar da Drew Weissman a mujallar Immunity a 2005 kuma ba ta ja hankalin mutane da yawa a farko ba, amma a kanta aka gina rigakafin korona na mRNA, suka kuma karɓi kyautar Nobel a 2023. Tu Youyou ta ƙasar Sin, wadda ta jagoranci fitar da maganin zazzaɓin cizon sauro na atimisinin daga wani nau'in tazargade, rahoton aikin da aka buga a 1977 bai ɗauki sunan kowa ba, kuma sai a 2015 ta sami Nobel. Da kwamiti irin naku zai auna su da tara maki a wancan lokaci, da duk sun faɗi.

Shawarata ita ce ku nemi kowannensu ya zaɓo maƙalu biyar da yake alfahari da su, ya rubuta a taƙaice me kowacce ta gano da kuma takamaiman rawar da ya taka, sannan ku ba ƙwararru biyu ko uku na fannin daga wajen kwalejin su karanta. Ku duba ko wani jagoran jinya ya kafa hujja da aikin, ko ya sauya wani abu a asibiti, ko ya yaye ɗalibai masu bincike. Idan lallai sai an duba alƙaluma, a duba ambaton maƙalar kanta, a gwada shi da na sa'o'inta a fanni ɗaya da shekara ɗaya; Scopus yana da irin wannan ma'auni, haka ma Cibiyoyin Kiwon Lafiya na Amurka suna da nasu kyauta a shafin iCite. Na san karatu ya fi tara lamba cin lokaci, kuma wannan ne ainihin abin da ke sa kwamitoci son lambar.

Tambaya: Malam, za a yi wa mahaifina tiyata, kuma an ba mu zaɓi tsakanin likitoci biyu. Ƙanena ya bincika a intanet ya ce ɗaya yana da maƙalu da ambato masu yawa, ɗayan kuma kusan babu. Shin mu zaɓi mai maƙalun?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, 'yar'uwa. Kada ku yanke hukunci da wannan. Ambato shaida ce ta cewa masu bincike suna karanta rubutun mutum, ba ta cewa komai game da hannunsa a ɗakin tiyata. Akwai likitocin da suka haɗa biyun, akwai kuma waɗanda bincike da tafiye-tafiyen taro suka rage musu lokacin aiki a kan marasa lafiya, kamar yadda ake da ƙwararrun da suka yi tiyata ba adadi ba tare da sun rubuta komai ba. Abin da ya kamata ku tambaya shi ne ko likitan yana da shaidar ƙwarewa a wannan fanni da lasisin aiki, sau nawa yake yin irin wannan tiyatar a shekara, wace matsala ce ta fi faruwa bayanta da yadda suke shawo kanta, da kuma ko asibitin yana da kayan aiki da ma'aikatan kula da mara lafiya bayan an fito da shi. Bincike da dama ya nuna cewa a manyan tiyatoci masu wahala, likitoci da asibitocin da suka fi yawan yin aikin sun fi samun sakamako mai kyau. Inda maƙalu za su yi muku amfani shi ne idan cutar ba kasafai ake ganinta ba, domin a nan rubutun mutum a kanta alama ce ta cewa ya ga irinta da yawa.

Tambaya: Ni sabon malami ne, kuma ana matsa mana mu wallafa kafin a yi mana ƙarin girma. Kullum ina samun saƙon imel daga mujallun da ke alƙawarin buga maƙala cikin mako guda idan na biya. Wani abokin aiki kuma ya ce mu riƙa sa sunan juna a maƙalunmu, mu kuma riƙa ambaton juna. Shin akwai laifi?

Amsa: Akwai, ɗan'uwa, kuma a kanka cutarwar za ta dawo. Tantance maƙala aiki ne da ke buƙatar edita ya nemo ƙwararru biyu ko uku, su karanta, su yi tambayoyi, marubuci ya gyara, wani lokaci a sake mayar musu. Wannan yana cin makonni ko watanni. Mujallar da ta yi alƙawarin bugawa kafin ta ga abin da ka rubuta, ta gaya maka ke nan cewa babu mai karantawa. Jeffrey Beall, wani ma'aikacin ɗakin karatu a Jami'ar Colorado da ke Denver, ya shafe shekaru yana tattara sunayen irin waɗannan mujallun ci-da-ceto har zuwa Janairun 2017 da ya rufe jerin. A 2013 kuma ɗan jarida John Bohannon ya aika wata maƙalar ƙarya kan wani sinadari da aka ce yana hana ƙwayoyin kansa girma, cike da kurakuran da ɗalibi ma zai gani, zuwa mujallu 304, kuma 157 suka karɓa.

Biyan kuɗi shi kaɗai ba alamar damfara ba ne, domin mujallu nagari da yawa da ke barin kowa ya karanta kyauta suna karɓar kuɗin bugawa daga marubuci, wasunsu kuma suna yafe wa masu bincike daga ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi idan an nema. Abin dubawa shi ne ko mujallar tana cikin MEDLINE na Ɗakin Karatun Likitanci na Amurka, ko Scopus, ko Web of Science, ko kundin DOAJ na mujallun da ake karantawa kyauta, kuma ka je shafin waɗannan rumbunan da kanka ka tabbatar, kada ka yarda da tambarin da mujallar ta liƙa a shafinta. Ka duba ko editocin da ta lissafa mutane ne na gaske da suka san an sa sunansu, ka kuma buɗe maƙalu biyu ko uku da ta buga ka ga ko za ka so a ga sunanka kusa da su. Ka lura da sunaye, domin masu damfarar sukan ɗauki sunan sananniyar mujalla su sauya kalma ɗaya.

Game da shawarar abokinka, sa sunanka a aikin da ba ka yi ba yana nufin ka ɗauki alhakin bayanan da ba ka gani ba. Idan aka gano ƙarya a ciki aka janye maƙalar, sanarwar janyewa za ta fito da sunayenku duka, kuma tana nan har abada a rumbun Retraction Watch mai tattara maƙalun da aka janye, wanda ya samo asali daga shafin da Ivan Oransky da Adam Marcus suka kafa a 2010. A 2023 kaɗai an janye maƙalu sama da 10,000 a duniya, yawancinsu daga mujallun kamfanin Hindawi, bayan an gano hannun masu sana'ar ƙera maƙalun bogi suna sayar da gurbin suna. A Japan, binciken da ƙungiyar likitocin sa barci ta yi a 2012 ya gano cewa Yoshitaka Fujii ya ƙirƙiri bayanai a maƙalu 172, kuma sunayen wasu abokan aikinsa suna kan waɗannan maƙalu. Ambaton aikinka na baya ko na abokinka ba laifi ba ne idan sabon aikin a kansa aka gina shi. Laifin shi ne cusa ambaton da ba shi da alaƙa da batun. Gano hakan ba shi da wuya a yau, tunda Scopus da Web of Science suna iya cire ambaton kai su nuna abin da ya rage, Clarivate kuma takan dakatar da mujallun da ta kama suna musayar ambato daga jerinta na shekara.

Hanyar halal ta fi jinkiri amma tana nan. Zaɓi tambaya ɗaya da ta dami marasa lafiyar da kake gani, ka nemi masanin ƙididdiga tun kafin ka fara tattara bayanai, ka sami amincewar kwamitin ɗa'ar bincike, kada kuma ka yanyanka bincike ɗaya zuwa ƙananan maƙalu huɗu don adadi ya ƙaru. Idan gwajin magani ne a kan mutane, ka yi masa rajista a fili kafin a ɗauki mara lafiya na farko, domin tun 2005 manyan mujallun likitanci ba sa karɓar gwajin da ba a yi wa rajista ba. Wajen rubutawa, bi jagoran rubuta rahoton bincike na CONSORT idan gwaji ne, ko STROBE idan binciken lura ne, ka kuma wallafa sakamakon ko da bai fito yadda ka so ba. Kafin ka miƙa maƙalar, bi jerin manazartarka ɗaya bayan ɗaya a PubMed, shafin neman maƙalun likitanci, ka tabbatar babu wadda aka janye a cikinsu.